Manhajata ta ƙi tashi bayan na ɗaga Ubuntu, tana neman libssl.so.1.1, in yi simlink ne?

Ɗan'uwa na karanta tambayarka har sau biyu don in tabbatar na gane inda matsalar take. Ka ce akwai wata manhaja da aka gina muku tun lokacin da sabar ɗinku take kan Ubuntu 20.04, tana ta aikinta lafiya lau, kai kuma ka ɗaga na'urar zuwa 24.04 sai ta ƙi tashi kwata-kwata, abin da kawai take rubuto maka shi ne:

error while loading shared libraries: libssl.so.1.1: cannot open shared object file: No such file or directory

Wani kuma ya ba ka shawarar ka yi simlink, wato ka sa libssl.so.3 da ke kan sabon tsarin ya riƙa amsa sunan libssl.so.1.1, kana tambaya ko ka yi, sannan kana mamaki tunda kullum ana cewa Linux ba ya karya tsofaffin manhajoji.

Toh dan Allah kar ka yi simlink ɗin nan. Akwai hanyar da za ta tashi ba tare da shi ba, zan nuna maka, amma ina so ka fara gane me wannan lambar da ke ƙarshen sunan fayil ɗin take nufi, domin in ka gane ta da kanka zaka riƙa warware irin wannan ko da wani laburare ne daban ya ɓace gobe.

Manhajar da aka gina da C ko C++ yawanci ba ta ɗauke da duk kayan aikinta a cikinta. Abin da take ɗauke da shi jerin sunaye ne, tana cewa ni fa sai an kawo min wane da wane kafin in fara aiki. In ka buga

readelf -d ./manhajarka | grep NEEDED

zaka ga jerin da idonka, libssl.so.1.1 da libc.so.6 da sauransu. Lokacin da ka kira ta, kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ba ya shiga aikinta kai tsaye, yana fara tayar da wata ƙaramar manhaja mai ɗoro laburare, a kan na'ura mai bit 64 ita ce /lib64/ld-linux-x86-64.so.2, ita ce take bin jerin nan ɗaya bayan ɗaya tana neman kowane suna, ta duba hanyar da aka rubuta a cikin fayil ɗin in akwai, ta duba LD_LIBRARY_PATH, ta duba /etc/ld.so.cache wanda ldconfig yake ginawa, sannan ta duba foldodin tsarin. Saƙon da ka gani ba daga manhajarka ya fito ba, ita ko layi ɗaya ba ta gudanar ba tukuna, daga wannan mai ɗorowar ne. Ta nemi fayil mai wannan sunan sak, ba ta samu ba, ta tsaya. Kuma daidai ta yi.

Wannan sunan mai lamba shi ake kira soname, kuma lambar alkawari ce daga waɗanda suka rubuta laburaren. Ma'anarta, muddin lambar nan ba ta canza ba, duk manhajar da aka gina a kaina za ta ci gaba da aiki ko da na gyara kurakurai ko na ƙara sababbin abubuwa. Ranar da suka yi canjin da zai karya tsofaffi, sai su canza lambar. Kaga kenan da OpenSSL, wato laburaren ɓoye bayanai da libssl yake ɓangarensa, ya tashi daga 1.1 zuwa 3 a watan Satumba na 2021, su da bakinsu ne suke gaya maka cewa wannan ba wancan ba ne. Simlink ɗin nan kuwa kamar ka goge lambar ne ka rubuta ta ƙarya da hannunka.

Mutane da yawa suna ɗauka in dai sunan fankshin ɗin, wato aikin da manhaja take kira a cikin laburare, yana nan ai shikenan. Ba haka ba ne. Bayan an gina manhaja, babu sauran sunayen gurabe a cikinta, lissafi ne kawai ya rage. A ce laburaren yana da wani tsarin bayanai mai gurbi uku, na farko lamba, na biyu adireshin wani wuri a memori, na uku tsawo. Manhajarka ba ta san sunan na biyun ba, abin da ta haddace shi ne in na tsallake bayit 8 daga farko zan samu adireshi. Sai a sabuwar siga masu laburaren suka cusa wani sabon gurbi a tsakanin na farko da na biyu. Yanzu manhajarka za ta tsallake bayit 8 ɗin nan kamar yadda ta saba, ta ɗauko wata lamba da ba adireshi ba ce, ta bi ta. In ka yi sa'a ta faɗi nan take ka san akwai matsala. In ba ka yi sa'a ba adireshin ya faɗa kan wani wuri mai rai, ta rubuta abu a can, ta ci gaba da tafiya kamar ba komai, sai bayan kwana uku ka ga bayanai sun lalace ka rasa daga ina. Wannan yarjejeniyar ta girman kowane gurbi da jerinsu da yadda ake miƙa wa fankshin kayansa ita ce ABI, kuma ita lambar soname take karewa.

A naka lamarin ma simlink ɗin ba zai kai ka ko'ina ba, domin OpenSSL yana liƙa wa kowane fankshin alamar siga. Manhajarka tana neman fankshin masu alamar OPENSSL_1_1_0, shi kuma libssl.so.3 nasa duk OPENSSL_3.0.0 suke ɗauke da ita, saboda haka saƙon zai canza ne kawai ya koma cewa ba a samu sigar OPENSSL_1_1_0 ba. Har da wasu fankshin ɗin da aka canza musu suna gaba ɗaya, misali SSL_get_peer_certificate ya koma SSL_get1_peer_certificate, tsohon sunan yana aiki ne kawai ga wanda zai sake gina manhajarsa daga tushe. Na san zaka iya haɗuwa da wanda zai ce maka shi ya taɓa yin simlink na libtinfo.so.6 zuwa libtinfo.so.5 kuma ta tashi, gaskiya ya faɗa, yana faruwa, saboda ɗan abin da manhajar take kira a ciki bai canza ba. Amma wannan sa'a ce, kuma laburaren rubutu a taminal daban, laburaren da yake riƙe da sirrin kalmomin shiga na mutane daban. Abin da ya fi damuna da simlink ɗin shi ne in ka ajiye shi a /usr/lib ya zama na kowa, duk wata manhaja a na'urar da take neman 1.1 za ta ɗauka ta samu, kai kuma bayan wata shida ka manta ka taɓa yin sa.

Maganar cewa Linux ba ya karya tsofaffi kuwa, gaskiya ce amma ba kowa ne ya ɗauki wannan alkawarin ba. Kanel ne ya ɗauka, Linus Torvalds ya shahara da tsanani a kan cewa duk canjin da ya karya manhajar mai amfani to kuskuren kanel ne, a janye shi. Sai kuma glibc, wato laburaren C na GNU, wanda sunansa yake libc.so.6 tun 1997 har yau bai canza ba. Yadda suka iya haka yana burge ni har gobe. Tun sigar 2.1 a 1999 suka fara liƙa wa kowane fankshin alamar siga, in suka so canza halinsa ba sa cire tsohon, sai su bar shi a ciki da tsohuwar alamarsa su ƙara sabon a gefensa, fayil ɗaya yana ɗauke da duka biyun.

Labarin memcpy shi ya fi nuna wannan. Fankshin ne mai kwafe bayanai daga wani wuri a memori zuwa wani, kuma a ƙa'idar C ba a yarda wuraren biyu su hau kan juna ba, amma shekara da shekaru masu rubuta manhaja suna karya wannan ƙa'idar ba tare da sun sani ba, saboda kwafin yana tafiya daga farko zuwa ƙarshe ne sai abin ya riƙa fita daidai. A ƙarshen 2010 aka shigo da wani sabon salo da yake kwafewa daga ƙarshe zuwa farko a kan wasu na'urori don sauri, sai masu Fedora 14 suka fara jin sauti yana kakkarcewa a Flash Player. A ƙa'ida laifin na Flash ne, amma mai sauraro bai damu da ƙa'ida ba, jiya yana ji lafiya yau ba ya ji. Maganin da aka yi a glibc 2.14 shi ne aka raba fankshin ɗin biyu, tsohuwar manhaja da ke neman memcpy mai alamar GLIBC_2.2.5 tana samun mai haƙurin nan da yake jure hawan juna, wadda aka gina sabuwa tana samun mai alamar GLIBC_2.14 mai sauri. Ka buga wannan a na'urarka ta 24.04 yanzun nan:

objdump -T /lib/x86_64-linux-gnu/libc.so.6 | grep -w memcpy

layi biyu zaka gani, har yau suna nan. Shi kuma libstdc++.so.6 na C++ haka yake yi tun GCC 3.4 a 2004, alamominsa su ne GLIBCXX_3.4 da lamba a gaba.

Sauran laburare fa? Ba su yi wa kowa wannan alkawarin ba. OpenSSL, ncurses, libpng, ICU, kowa yana canza lambarsa in ya ga dole, ICU ma kusan duk babbar siga sai ya canza. Masu Ubuntu da Debian da Fedora kuma ba sa son riƙe tsohon laburare da masu shi suka daina gyarawa, su duk manhajojin da ke rumbunsu suna sake gina su a kan sabon, abin da ya rage a baya shi ne irin taka, wadda aka gina a waje. Kaga ba glibc ne ya ci amanarka ba, duba da kyau, saƙon bai ambaci libc.so.6 ba sam.

Kuma ka riƙe wannan, alkawarin glibc hanya ɗaya yake bi. Tsohuwar manhaja a kan sabon tsari, eh. Sabuwar manhaja a kan tsohon tsari, a'a. In wata rana ka ga saƙo mai cewa ba a samu GLIBC_2.34 ba, to wannan kishiyar matsalarka ce, an gina abin a kan sabon tsari an kawo shi tsoho. Ubuntu 20.04 yana da glibc 2.31, 22.04 yana da 2.35, 24.04 yana da 2.39, Debian 12 yana da 2.36, CentOS 7 kuwa 2.17. Lambar 2.34 ɗin tana yawan fitowa ne saboda a wannan sigar ta watan Agusta 2021 aka haɗe libpthread da libdl cikin libc, kuma fankshin ɗin da yake tayar da kowace manhaja, __libc_start_main, ya samu sabuwar alama, saboda haka ko manhajar da ba ta yin komai sai buga gaisuwa, in aka gina ta a 22.04 ba za ta tashi a 20.04 ba.

Na kawo wannan ne saboda nan ne mutane suke yin ɓarnar da ta fi simlink. Na taɓa shiga aikin ceto wata sabar a wani wurin da na yi aiki, wani abokin aikinmu ya ga irin wannan saƙon sai ya kwafo libc.so.6 daga sabuwar na'ura ya ɗora a kan na tsohuwar. Daga buga umarnin, ls ya daina aiki, cp ya daina, sudo ya daina, ko sabon shiga ta ssh ba ya yiwuwa, taga ɗaya ce ta rage a buɗe kuma duk abin da ya buga a cikinta saƙon kuskure iri ɗaya take dawo masa da shi. Dalili shi ne libc da mai ɗoro laburaren nan tagwaye ne, tare ake gina su, suna magana da juna ta wasu fankshin na cikin gida masu alamar GLIBC_PRIVATE, ka canza ɗaya ka bar ɗaya sai komai ya tsaya. Sai da muka tayar da na'urar daga filashi muka mayar da tsohon fayil ɗin. Yaron nan mai ƙoƙari ne sosai, ba wanda ya taɓa yi masa bayanin ne kawai. Shi ya sa nake gaya wa kowa, libc na tsarin ba a taɓa shi da hannu, ko da wane dalili.

Toh mu dawo kan taka. Kafin komai ka duba ko libssl kaɗai ne ya ɓace, domin mai ɗorowar tana tsayawa ne a kan na farkon da ta rasa, ba ta gaya maka sauran:

ldd ./manhajarka | grep "not found"

Wannan zai fito maka da duka a lokaci ɗaya. Amma ldd a kan manhajar da ka yarda da ita kawai ake amfani da shi, don a wasu yanayi yana iya gudanar da ita, in fayil ne da ba ka san asalinsa ba readelf ya fi aminci.

In kuna da tushen manhajar, ko wanda ya rubuta ta yana nan ana iya samunsa, to maganin gaskiya shi ne a sake gina ta a kan 24.04. Masu OpenSSL sun yi ƙoƙari sosai wajen ganin yawancin abin da aka rubuta don 1.1.1 yana ginuwa a kan 3 ba tare da gyara mai yawa ba, zaka sha gargaɗi cewa wasu fankshin sun tsufa amma yawanci tana ginuwa. Inda ake cin karo shi ne tsofaffin hanyoyin ɓoye bayanai irin su RC4 da Blowfish da DES da MD4, an mayar da su wani sashe na daban da ba a kunna shi sai ka nema, saboda haka in manhajar tana buɗe tsofaffin fayilolin PKCS12, masu ɗauke da makulli da takardar shaida, ka gwada wannan ɓangaren da kyau.

In babu tushe, to sai ka ba ta tsohon laburarenta amma ita kaɗai, a ɗakinta. Ka sauko da fakitin libssl1.1 na Ubuntu 20.04 daga rumbun Ubuntu ɗin kansa, ba daga wani shafi da ba ka sani ba, kuma kar ka girka shi, warware shi kawai zaka yi:

dpkg-deb -x libssl1.1_*.deb ./waje

A ciki zaka samu libssl.so.1.1 da libcrypto.so.1.1, duka biyun kake buƙata don na farkon ba ya aiki sai da na biyun. Ka ƙirƙiri folda mai suna lib a gefen manhajar ka zuba su. Sannan ka gwada:

LD_LIBRARY_PATH=/opt/manhaja/lib /opt/manhaja/manhajarka

In ta tashi, sai ka mayar da wannan layin cikin ƙaramin fayil na tayarwa, ko cikin fayil ɗin sabis na systemd in da shi take tashi. Abin da ba na so ka yi shi ne ka zuba LD_LIBRARY_PATH a .bashrc ko /etc/environment, domin daga nan kowace manhaja za ta fara leƙa wannan foldar kafin ta tsarin. Ko a layi ɗayan ma ka sani duk wata manhaja da taka ta kira za ta gaji wannan saitin. Shi ya sa ni na fi son rubuta hanyar a cikin fayil ɗin kansa da patchelf, bayan ka ajiye kwafi:

patchelf --force-rpath --set-rpath '$ORIGIN/lib' manhajarka

$ORIGIN yana nufin foldar da manhajar take zaune, ko ina ka kai ta za ta nemi lib a gefenta, kuma ka kula da alamar zance guda ɗin nan, in ka sa mai biyu taminal zai cinye kalmar ya bar maka fanko. Shi kuma --force-rpath ba ado ba ne. Akwai iri biyu na wannan hanyar, RUNPATH da RPATH, patchelf kuma na farkon yake rubutawa in ba ka hana shi ba. RUNPATH yana aiki ne kawai ga laburaren da manhajar ta ambata da kanta, ba ya sauka zuwa ga abin da su kuma suke buƙata. Saboda haka in jerin NEEDED ɗinka libssl kaɗai ya ambata, za a samu libssl.so.1.1 a foldarka, shi kuma ya nemi libcrypto.so.1.1 a rasa, ka zauna kana kallon fayil ɗin ga shi nan a folda amma ana cewa babu. Wannan ya cinye wa mutane da yawa yini guda. In abu ya rikice maka, sa LD_DEBUG=libs a gaban umarnin, mai ɗorowar za ta rubuto maka duk foldar da ta leƙa bi da bi.

Akwai abu biyu da za su iya biyo baya ko da ta tashi. Na farko, tsohon laburaren zai je ya karanta fayil ɗin saiti na tsarin, openssl.cnf, wanda yanzu an rubuta shi ne don siga ta 3, wani lokaci sai ya ci karo da sashen da bai sani ba ya fara ƙorafin ya rasa libproviders.so. In ka ga haka ka nuna masa nasa fayil ɗin saitin ta hanyar OPENSSL_CONF, shi ma a layin tayarwar kawai. Na biyun ya fi nauyi. In manhajarka tana amfani da wani laburaren tsarin kamar libcurl ko libpq, su na 24.04 an gina su ne a kan libssl.so.3, kenan sigogi biyu na OpenSSL za su zauna a cikin manhaja ɗaya a lokaci ɗaya. Alamomin sigar nan suna raba su, kowa yana kiran nasa, sau da yawa suna zama lafiya. Amma in manhajar tana karɓar wani abu daga hannun ɗayan ta miƙa wa ɗayan, misali curl ya miƙo mata SSL_CTX ɗinsa na 3, wato tsarin bayanan da ke riƙe saitin haɗi, ita kuma ta kai shi wajen fankshin na 1.1 don ta ƙara takardar shaida, to mun koma labarin bayit 8 ɗin can. In ka ga duka biyun a sakamakon ldd, ni a wurina lokacin kwantena ya yi.

Kwantena ɗin ma ba wani abu mai wuya ba ne, Docker ko Podman, ka ɗauki hoton ubuntu:20.04 ka zuba manhajar da duk abin da take buƙata a ciki, tana ganin duniyarta ta da gaba ɗaya, libc ɗinta da curl ɗinta da OpenSSL ɗinta duk na zamani ɗaya, abin da kawai take rabawa da sabon tsarin shi ne kanel, shi kuma kanel mun riga mun ce yana riƙe alkawari. In abin da ya ɓace ya wuce biyu ko uku, wannan ya fi sauƙi a kan bin su ɗaya-ɗaya.

Amma wallahi kar ka ɗauka an gama. Masu OpenSSL sun daina gyara 1.1.1 ga jama'a tun 11 ga Satumba 2023, tallafin Ubuntu 20.04 na yau da kullum shi ma ya ƙare a 2025, sai mai Ubuntu Pro. Fayilolin nan biyu da ka ajiye a gefe apt, mai sabunta fakitocin tsarin, bai san da su ba, ba zai taɓa sabunta su ba, duk ramin da aka gano a cikinsu nan gaba yana nan buɗe. In manhajar tana karɓar haɗi daga intanet kai tsaye, ka sa nginx ko HAProxy a gabanta su karɓi TLS ɗin, wato ɓoyayyen haɗin, da sabon laburare, ita ta koma tana saurare a cikin gida kawai, kuma ka rubuta a wani wuri da wanda zai gaje ka zai gani cewa akwai tsohon OpenSSL a wannan foldar da dalilin ajiye shi. Wannan duk sayen lokaci ne kafin a sake gina ta ko a maye gurbinta.

Tunda 24.04 kake, ga wasu da zaka iya cin karo da su. Fakiti da yawa an ƙara musu t64 a ƙarshen suna saboda shirin matsalar agogo ta shekarar 2038, libasound2 ya koma libasound2t64, libfuse2 da yawancin AppImage suke buƙata ya koma libfuse2t64, a kan na'urarka mai bit 64 fayil ɗin ciki bai canza ba, sunan fakitin ne kawai. An cire libncurses5 da libtinfo5 daga rumbu, maganinsu irin na sama ne. In kuma manhaja ta ce maka No such file or directory alhali ga ta nan kana gani, buga file a kanta, galibi mai bit 32 ce tana neman /lib/ld-linux.so.2 wanda babu, sai ka yi dpkg --add-architecture i386 ka girka libc6:i386. Akwai kuma wanda yake zuwa a juye, manhaja ta zo da nata tsohon libstdc++.so.6 a foldarta, sai direban hoto na sabon tsarin ya shigo cikinta ya nemi sabuwar alamar GLIBCXX ya rasa, a nan magani shi ne ka kawar da wanda ta zo da shi ka bar ta ta ɗauki na tsarin, tunda sabon yana ɗauke da duk tsofaffin alamomin. Shi kansa glibc ba ma'asumi ba ne, a 2022 sigar 2.36 ta daina fitowa da wani tsohon teburin neman sunaye mai suna DT_HASH sai wasannin da ke amfani da Easy Anti-Cheat suka tsaya, a 2.39 kuma aka cire libcrypt daga cikinsa, libxcrypt ne yake samar da shi yanzu. Irin waɗannan ba su da yawa, shi ya sa ake tuna su.

In kuma wata rana kai ne zaka gina wa wasu, ka gina a kan mafi tsufan tsarin da kake son ta yi aiki a kai, ba a kan sabuwar kwamfutarka ba. Haka masu Python suke yi da manylinux, manylinux2014 a kan CentOS 7 mai glibc 2.17 ake gina shi don ya tashi kusan ko'ina. Bayan ka gina ka buga objdump -T a kanta ka tace GLIBC_, lamba mafi girma da ka gani ita ce mafi ƙarancin abin da mai karɓa zai buƙata. Haɗe komai a cikin fayil ɗaya ma hanya ce, amma da glibc ba ta cika ba, fankshin irin getaddrinfo mai neman adireshin suna yana ɗoro wasu laburaren a lokacin aiki ko ta yaya, masu son wannan hanyar musl, wani laburaren C na daban, suke komawa.

Yanzu dai ka turo min sakamakon readelf ɗin da na ldd gaba ɗaya ba tare da tacewa ba, abin da nake son gani shi ne ko libcrypto.so.1.1 yana cikin jerin NEEDED, da kuma ko libssl.so.3 ya bayyana a ldd ta hanyar curl ko wani. Daga nan zan gaya maka ko foldar gefe ta ishe ka ko sai kwantena.